Ledar Shara a Hannun Balkisa

Ban taɓa mantawa da ranar da na ɗaga wa matar da ke ba mu kuɗin aiki murya a bakin teku ba, a gaban yara, a gaban iyayensu, a gaban Turawan da ke kwance suna shan rana. Ku da kuka shigo wannan aiki kwanan nan, na san kun sha jin ana cewa Tanti Mariama ce ta jawo aka daina kai iyalai teku. To, gara ku ji daga bakina yadda abin ya faru.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar unguwa a Minguettes, cikin Vénissieux, kudu da Lyon. Ga wanda bai san wurin ba, dogayen benaye ne a jere, kowanne cike da iyalai daga ko'ina: Larabawa, mutanen Komoro, 'yan Senegal, Turawa marasa ƙarfi, da mu 'yan Nijar ɗai-ɗai. Muƙamina shi ne mai kula da iyalai. A sama da ni akwai darakta, Pascal, a sama da shi kuma kwamitin cibiya. A ƙarƙashina akwai matasa biyu masu tafiyar da wasannin yara. Yawancin aikina rakiya ce: in raka uwa wurin malamin ɗanta, in karanta wa wani wasiƙar da ta ba shi tsoro, in sasanta maƙwabta. Amma babban aikin shekara shi ne tafiyar hutun zafi, bakansi kamar yadda muke cewa.

Ga yadda ake shirya ta. Tun cikin sanyi ake buɗe rajista ga iyalan da ba su da halin tafiya da kansu. Duk wata a zauna taro, su zaɓi inda za a je, su tsara girki da kwana, kowa ya riƙa ajiye abin da zai iya. Sauran nauyin kuwa sai an nemo mai ɗauka, kuma a wancan zamanin wata gidauniya ce da ke Paris take ɗauke mana kaso mafi girma. Ba zan faɗi sunanta ba.

A shekarar da nake ba ku labari yara ne suka yi zaɓen, iyaye suka bi. Ɗaya daga cikin matasana ya nuna musu bidiyon wani gandun daji na ƙasa da ke bakin teku a kudu, inda duwatsu farare suke gangarowa har cikin ruwa. Gandun yana da shiri na musamman don yara, ana kiransa shirin ƙananan masu gadi. Yaro zai yi 'yan kwanaki tare da ma'aikatan gandun, a ba shi hula da madubin hangen nesa, a koya masa tsuntsaye da tsirrai, a ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa wani lungu, ya sa gilashi ya leƙa kifaye a ƙarƙashin ruwa. A ƙarshe ya ɗaga hannu ya yi alkawarin kare gandun, a maƙala masa lamba a ƙirji. Da bidiyon ya ƙare, ɗakin taro ya kaure da ihu. Babu wanda ya sake maganar wani wuri.

A cikin yaran akwai Balkisa, 'yar shekara goma, ɗiyar Malam Isufu mutumin Damagaram. Malam Isufu a motar kwasar shara yake aiki tun zuwansa Faransa. Kafin asuba ya fita, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya je hutu ko'ina ba, sai gida in an yi rasuwa. Balkisa ce ta matsa masa har ya sa sunansu. Ita wannan yarinya ta ɗauki abin da gaske. Ta aro littafin tsuntsaye a ɗakin karatu ta hana kowa sakat da sunayensu. Ba ta iya ruwa ba, sai ta sa mamanta ta riƙa kai ta wurin ninkaya na gari duk Laraba har ta iya, don an ce sai wanda ya iya ruwa zai leƙa kifaye. Ran da babanta ya zo sa hannu, ya ce mini cikin dariya:

"Malama Mariama, mu a garinmu ɗan gandun daji tsoronsa ake ji. In ya kama ka da gatari a gindin gawo, ka shiga uku. Yanzu ɗiyata ce za ta zama shi? To, Allah ya sa kar ta fara da ni."

A watan Maris na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don gabatar da shirin, kamar yadda aka saba. Wadda ke kula da takardunmu a gidauniyar sunanta Madam Hélène. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta karɓe ni da fara'a, ta ba ni kofi, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce shirin ya burge ta ƙwarai, za ta zo da kanta ta gani, tare da mai ɗaukar hoto, don littafin da suke bugawa duk shekara ga masu ba su gudummawa. Ta ce tunda su ne za su biya gandun kai tsaye, su za su kama mana gurbi. Haka ƙa'ida take, mai biya shi ke kama gurbi. Muka rabu a kan shirin ƙananan masu gadi cikakke, da jirginsa da komai.

Muka tashi a watan Yuli, kar guda cike, wato babbar motar bas, iyalai kusan goma, da kuloli da tukwane da buhun shinkafa kamar masu ƙaura. Mun sauka a wani sansanin masu hutu, ƙananan ɗakuna na katako a cikin itatuwa, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa ruwa. Kwanakin farko ba zan taɓa samun irinsu ba. Akwai Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Shekarunta da yawa a Faransa amma ba ta taɓa ganin teku ba. Ta tattare zane ta shiga har gwiwa, ta ɗebo ruwan ta ɗanɗana, ta tofar tana salati, wai wa ya zuba gishiri haka. Yara suka yi ta birgima don dariya. Shi kuwa Malam Isufu ya naɗe ƙafar wando, ya kwanta a inuwa ya rufe fuska da hula, ya yi barci da rana tsaka har da minshari. Matarsa ta ce mini rabonta da ta ga ya yi barci irin wannan ta manta.

Ranar da za a fara shirin muka isa gidan ma'aikatan gandun da hantsi. Mun tarar da wasu yaran suna jira, 'ya'yan masu hutu da iyayensu suka biya musu. Wani ma'aikaci ya fito ya raba musu huluna da madubai da rigunan hana nutsewa, ya ja su zuwa inda jirgi yake. Namu suka tsaya a layi suna kallo, suna ɗokin a zo kansu. Balkisa ce a gaba, gilashin ruwanta rataye a wuya.

Sai ga Madam Hélène ta iso, da mai hotonta ɗauke da kwali. Ta gaishe ni da sumba a kumatu, ta buɗe kwalin, riguna ne masu gajeren hannu da sunan gidauniya a baya. Yara suka sa da murna. Daga nan wata matashiyar ma'aikaciyar gandun, Noémie, ta fito da wani kwalin. A ciki babu hula, babu madubi. Safar hannu ce, da sanduna masu baki na tsintar abu, da manyan ledoji baƙaƙe.

Madam Hélène ta tafa hannu ta ce, "Yara, yau ku ne jaruman wannan bakin ruwa! Wanda ya fi cika ledarsa shi ya ci."

Yara ba su kawo komai a ransu ba, sun ɗauka somin-taɓi ne. Suka bazu cikin yashi, tsakanin mutanen da ke kwance, suna tsintar guntun taba da murafen kwalba. Mai hoto yana binsu: ke duƙa, kai ɗaga robar sama, ku yi murmushi. Ni kuwa na matsa kusa da Noémie na tambaye ta ƙarfe nawa jirgin zai dawo ya ɗauki namu.

Ta dube ni da mamaki. "Wane jirgi, Madam? Ai ƙungiyarku ba ta da jirgi."

Na ce mata muna cikin shirin ƙananan masu gadi.

Ta ce, "Da farko haka aka kama. Daga baya aka kira aka canza. Aka ce cibiyarku ta fi son safiya uku ta tsabtace bakin ruwa, don yaran su koyi mutunta wurin jama'a. Mun ba wasu gurbinku tuntuni."

"Wa ya kira?"

Sai idonta ya tafi kan Madam Hélène.

Ina tsaye ina ƙoƙarin haɗiye wannan, sai na hango abin da ya ƙarasa ni. Wata mata da ke kwance a kan tawul ta yafito Balkisa da yatsa. Yarinya ta je da gudu, don an koya mata ladabi. Matar ko tashi ba ta yi ba, ta miƙa mata ɓawon ayaba da robar ruwa da ta shanye. Balkisa ta buɗe ledarta ta karɓa, har da cewa merci. Na kusa da ita ma ya ɗaga gwangwaninsa yana kaɗawa, yana jiran ta zo.

Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Malam Isufu ya taho daga sansani ɗauke da ruwan sha na yara, ya zo ne don ya kalli ɗiyarsa tana hawa jirgi. Ya ajiye ruwan a ƙasa. Ya taka a hankali har inda take, ya karɓi ledar daga hannunta, ya tsuguna ya cire mata safar hannun, yatsa bayan yatsa. Sannan ya riƙo hannunta suka zo gabana. Bai ɗaga murya ba. Da Hausa ya yi mini magana.

"Malama Mariama, abin da kika kawo mu mu yi ke nan?"

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na nufi Madam Hélène. Na fara da ladabi, Allah ya sani. Na ce mata an ce mini an canza shirin, ina so in san dalili, kuma me ya sa ba a gaya mini ba. Ta yi murmushi ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Mariama, kar ki damu. Yawon jirgi kowa yana yi, ba ya gaya wa mutum komai. Masu ba mu gudummawa suna son ganin abu mai ma'ana. Yaran unguwanni suna kula da muhalli, kin san yadda wannan zai gyara kallon da ake yi musu? Don amfaninsu ne."

Na ce, "Waɗancan da suka hau jirgi fa, su ba sa bukatar abu mai ma'ana?"

Ta ce, "Su iyayensu ne suka biya." Sai ta rage murya, kamar mai gaya mini sirri tsakanin manya. "Kuma mu faɗi gaskiya, ni da ke mun san yadda matakalun benayenku suke. Darasi ne da za su koma da shi gida."

A nan ne abin ya tsinke mini. Na ture hannunta daga kafaɗata. Na tambaye ta ko ta taɓa hawa matakalarmu, ko sau ɗaya. Na ce mata sharar da ke cikin wannan yashi ba daga Minguettes ta zo ba, mutanen da ke kwance a nan ne suka zubar, amma ba ta tashe su ta ba su leda ba. Na ce mata yaran nan sun yi wata da watanni suna mafarkin ganin kifi, wata a cikinsu sai da ta koyi ruwa takanas, ke kuma kin zauna a ofishinki kin ɗaga waya kin mai da su masu yi wa 'yan hutu hidima, don ki samu hoton da zai sa masu kuɗi su ji daɗin kansu. Kuma ba ki tsaya nan ba, kin yi ƙarya da sunan cibiyarmu. Muryata tana tashi ina ji, na kasa rage ta. Mutane suka tashi zaune a kan tawul ɗinsu. Yara suka tsaya cak da ledoji a hannu.

Fuskarta ta yi ja. Ta ce ba ta ga abin kunya a tsintar shara ba, kuma ta yi mamaki da ma'aikaciyar jama'a kamata take raina irin wannan aiki.

Kafin in ba ta amsa Malam Isufu ya matso. Faransancinsa ba mai yawa ba ne, a hankali yake jera shi, amma kowa ya ji.

Ya ce, "Madam, ni shara nake kwashewa a Lyon. Ba na jin kunyar aikina, da shi na ciyar da wannan yarinya. Amma ni babba ne, kuma ana biyana. Ita hutu ta zo."



Na juya na ce wa yara su ajiye ledoji, su cire rigunan. Sannan na je wurin mai hoto. Ku riƙe wannan, don zai yi muku amfani: a ƙasar nan ba a buga hoton yaro sai da yardar iyayensa, kuma iyayen da suka yarda suna da ikon janyewa. Na tara iyayen da ke wurin na fassara musu abin da aka ce, wanda ba ya jin Faransanci sosai na sa aka gaya masa da yarensa. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda a yi amfani da hotunan yau. Duk suka ce a'a. Hajiya Rabi ce ta ƙarshe. Ta ja gefen mayafina ta ce a hankali:

"Mariama, a bi sannu dai. Su ne fa masu bayarwa."

Na ce, "Hajiya, e ko a'a?"

Ta dubi sauran mata, ta ce a'a, amma ba da ƙarfi ba.

Muka juya za mu tafi. Ledojin suna zube a yashi, baki buɗe, iska ta fara kwashe abin da ke ciki tana mayarwa inda aka tsinto shi. Malam Isufu ya yi taku kaɗan ya tsaya. Ya ce wa ɗiyarsa ta bi mamanta. Ya koma ya bi ledojin ɗaya-ɗaya yana ƙulle bakinsu da irin ƙullin da hannunsa ya saba. Sauran mazan suka ga haka suka kama masa, suka kai su inda ake tarawa. Mai hoto ya ɗaga kyamara. Malam Isufu ya miƙe tsaye da leda a kowane hannu ya zuba masa ido har mutumin ya sauke ta.

Ko azahar ba a yi ba Pascal ya kira ni daga Lyon. An riga an kai masa ƙara. Ya saurare ni, sannan ya ce:

"Gaskiyarki ce, Mariama. Amma ki je ki ba ta haƙuri a kan ihun da kika yi. A kan ihun kawai. In ba haka ba baɗi ba mu da teku."

Na ce masa in ta tsaya gaban yaran nan ta ce ta yi kuskure, ni ma zan ba ta haƙuri a gabansu. Ya ce na san ba za ta yi ba. Na ce to shi ke nan. A ranar ta koma Paris.

Da la'asar Noémie ta zo sansani da kayan aikinta, ta nemi ganina da iyayen. Ta ce ta ji nauyin abin da ya faru, su abin da aka gaya musu suka bi. Ta bayyana mana cewa tsintar shara tana cikin shirin da ma, amma a ƙarshe ake yi, na ɗan lokaci kaɗan, duk yara tare da ma'aikata, bayan sun ga kifaye sun gane abin da leda take yi musu. Ta ce ta roƙi shugabanta ya ba ta safiya biyu ta zaga da yaranmu ta kan tudu. Jirgi kuwa babu yadda za a yi, a cike yake har ƙarshen lokacin hutu.

Ta cika alkawarinta, Allah ya saka mata. Ta kawo huluna da madubai, ta hau da su kan duwatsu, ta nuna musu inda tsuntsayen teku suke sheƙa, ta sa suka murza ganye suka shaƙa, suka bi sawun ƙadangaru. Ƙananan sun ji daɗi sosai, sun ma manta da jirgin. Manyan ba su manta ba. A safiya ta biyu, muna kan tudu, jirgin ya wuce ta ƙasanmu cike da yara suna ɗaga mana hannu. Balkisa ta sauke madubinta ta tambayi Noémie:

"Mu yaushe za mu ga kifin?"

Noémie ta ce, "Ba wannan karon ba, ƙawata."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da aka zo alkawari ta ɗaga hannu tare da kowa ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Da aka zo maƙala mata lamba sai ta miƙa tafin hannu ta karɓa, ta yi godiya, ta sa a aljihu. Sauran kwanakin ta yi su a zaune kusa da babanta.

Da muka dawo na rubuta rahoto kamar yadda ake yi bayan kowace tafiya, ban rage komai ba, har da ihun da na yi. A farkon sanyi aka kira mu Paris, ni da Pascal. Shugaban Madam Hélène ne ya karɓe mu, ita tana gefe tana duba takardu. Ya yi magana mai tsawo, mai laushi. Ya ce an samu rashin fahimta. Ya ce suna baƙin ciki da wasu iyaye suka ji ba daɗi. Ya ce a aikin haɗin gwiwa ana bukatar mutane masu sanyin rai. Na tambaye shi kai tsaye, wa ya ba wani izinin cewa cibiyarmu ce ta nemi canjin? Ya ce ba mu taru don neman mai laifi ba. Kalmar haƙuri ba ta fito daga bakin kowa ba.

Muna fitowa, a bangon da ke fuskantar ƙofa, na ga wani ƙaton hoto da ba na nan ran da na zo a watan Maris. Yara ne a bakin ruwa, sanye da irin rigunan nan, kowa da baƙar leda a ɗage, suna dariya. A ƙasa an rubuta cewa yaran unguwanni suna koyon mutunta muhalli. Ba namu ba ne. Na tambayi mai tsaron ƙofa, ta ce wasu ne daga Stains, a nan bayan Paris. Wato kafin hutun ya ƙare har sun samo wasu yaran, sun kai su, sun samu hotonsu. A tsakiya akwai wata 'yar yarinya da kitso irin namu, haƙoranta duk a waje don murna. Na tsaya ina kallonta har sai da Pascal ya ja hannuna.

Ba su sabunta mana tallafi ba. Wasiƙar ta ce sun sauya abubuwan da suka fi ba muhimmanci. Shekarar da ta biyo baya babu teku, sai yini ɗaya-ɗaya a wani tafki kusa da Lyon, a je da safe a dawo da yamma. Kwamiti bai kore ni ba, amma an daina tura ni neman tallafi.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba wannan ba ne. Wata ranar kasuwa na haɗu da Hajiya Rabi wajen masu kayan miya. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, sannan ta ajiye kwandonta ta ce:

"Mariama, kin yi zuciya da hutun 'ya'yana. Ke kina da albashi, in kin so ki kai naki. Nawa da sun tsinci robobi da safe, da rana su yi wankansu, baɗi ma su koma. Yanzu ga su nan a gindin bene tun safe har dare. Wa fushinki ya amfana?"

Na ce mata, "Hajiya, ba za ki so a buga fuskar ɗanki a ce ana koya masa tsabta ba."

Ta ce, "Ni ban ga littafinsu ba, ba kuma zan gani ba. Teku na gani."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ba zan ce muku ba ta da gaskiya ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an sa mace kamar Hajiya Rabi a inda sai ta zaɓa tsakanin mutuncin 'ya'yanta da hutunsu, alhali ba ita ta jawo ba, ba ni ba ce kuma. Waɗanda suka jawo suna can lafiya lau, har yau suna ganin alheri suka yi. Malam Isufu kuwa muna gaisawa da mutunci duk inda muka haɗu, amma bai ƙara sa sunan iyalinsa a wata tafiya ta cibiya ba.

Ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. A wannan aiki za ku yi ta karɓa daga hannun masu bayarwa, babu makawa, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Amma wasu ba kyauta suke yi ba, saye suke yi, kuma abin da suke saye fuskar mutanenku ce. Ba da mugun nufi suke zuwa ba, da murmushi suke zuwa, shi ya sa ba a gane su da wuri. Kar ku bar kowa ya yi magana da sunan iyalanku in ba kwa wurin. Ku kira inda za a je da kanku, ku ji daga bakin masu wurin abin da yara za su yi daga safe zuwa yamma. In kuma ya zama dole ku ƙi, ku sani ba ku kaɗai za ku biya ba, waɗanda kuke karewa su ma za su biya, wasunsu kuma ba za su yafe muku ba. Duk da haka, duk ran da wani ya zo muku da shiri mai kyau don amfanin yaran unguwa, ku dube shi cikin ido ku tambaye shi ko zai sa nasa ɗan a ciki. In ya fara kame-kame, ku tattara yaranku ku tafi.